Taki Mai Sanyi

Har yau in na ga gwazarma sai ƙyama ta kama ni. Fararen tsutsotsin nan na cikin juji, masu kaurin ɗan yatsa, tir da su!

A shekarar da aka yi ta zancen Nasara za su ɗauke gidan gwamna daga Damagaram na yi aure. Surukina tsohon mai lambu ne a kwarin da ke kusa da Falanko. Da kaka ya yanka mini fangali shida a bakin rijiyarsa, ya miƙo mini ɗan ƙulli na irin albasa. Irin mahaifinsa ne, bai ci shi ba ko a shekarar yunwa, kuma shi kaɗai ya rage masa bayan fari biyu. Ya ce idonsa ya yi rauni, ni zan raya shi.

Ina durƙushe, kaina a ƙasa, ya yi mini bayani. A barbaɗa toka saboda gara. Ban ruwa da sassafe, kada rana ta dafa saiwa. Sannan ya ce, "Taki kuwa, sai mai sanyi."

Na ce, "To, Baba."

Ban gane ba. Amma wa ke sake tambayar suruki? Ko ido ba ma haɗawa. Shi yana nufin tsohon taki wanda ya shekara, ya bushe, zafinsa ya fita. Ni kuma, uban wayo, na tafi inda shanun Fulani ke shan ruwa na kwaso jiƙaƙƙe, mai sanyi a hannu. Wari kamar mushe. Mangala huɗu na ɗora wa jaki, ruwansa na tsiyaya a ƙafata, ƙudaje na bin mu har lambu. Matata ta toshe hanci ta ce, "Kai, wannan ƙazanta fa?" Na ce ta yi mini shiru, aikin maza ne.

Albasa ta fito kore shar. Bayan kwana ashirin sai ta fara kwanciya, fangali bayan fangali. Na sa hannu na tona. Wayyo! Ƙasar motsi take yi. Gwazarma tuli, sun naɗe, sun yi ƙiba da saiwar albasar tsohon nan. Ɗaya ta fashe a tafina, na koma gefe na yi ta amai.

Da la'asar surukina ya zo, yana dogara sanda. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya durƙusa cikin warin nan, yana lalube da yatsu, yana ture tsutsa, har ya samo ƙwaya uku masu sauran rai.

Na matso na ce, "Baba, kawo in dasa su a wancan gefen."

Ya naɗe su a bakin rigarsa, ya juya wajen 'yarsa ya ce, "Kama ni mu je gida. A bayan ɗakina zan sa su."