Padi

Ranar da dusar ƙanƙara ta hana mu zuwa makaranta, ina aji uku, a ranar aka raba ni da sunana. Muna langa a barandar benenmu na unguwar Tremont, nan ƙasar Turawa, ni da yaran maƙwabta, Inna ta leƙo ta ce, "Padi, zo ka ɗauki kwandon wanki." Baba na hawowa da wani baƙo daga masallaci. Baƙon ya tambaya ko ɗan wane ne wannan mai sunan Nasara. Da suka gama cin tuwo, Baba ya ce kada ya sake jin sunan nan a gidansa. Bai ɗaga murya ba, dama shi ba ya buƙata.

Sunana na yanka Usman, sunan kakana na wajen uba, kuma ni ne ɗan fari. Kunya biyu ke nan a kan Inna: mace ba ta ambaton sunan surukinta, ba ta kuma nuna ta damu da ɗanta na fari. Tun daga ranar sai na koma "kai", ko "wannan yaron". Ƙannena ta goya su, ta yi musu wasa, ta kira su har da waƙa. Ni ne mai kai kaya gidan injin wanki, mai sauke shara, mai riƙe hannun yara idan an buɗe famfon 'yan kwana-kwana da bazara. Ko rabon nama take yi, sai ta tura mini nawa tana kallon bango. Na girma ina ganin ba ta sona, har abin ya daina yi mini ciwo.

Bara Inna ta rasu. Na tsaya aka yi komai, na karɓi gaisuwa, ban ji komai ba. Bayan sadakar arba'in 'yata ta zo da aikin makaranta kan tarihin iyali, ta tambaye ni me ya sa tsofaffin mata wajen makoki suke ce mini Padi. Ban sani ba. Sai na tafi Canal Street wurin Hajiya Rakiya, ƙawar Inna 'yar Maraɗi, wadda har yanzu ke sayar da jakunkuna a bakin titi.

Ta ce a ƙasan ɗakinmu akwai wata tsohuwar Baturiya 'yar ƙasar Ailan da ke zaune ita kaɗai. Ita ke riƙe ni idan Inna ta tafi shagon kitso. Tana da ɗa da ya mutu tun yana saurayi, Padi ake ce masa, sai ta liƙa mini. Inna ta cafe sunan hannu biyu, don ba na surukinta ba ne, ba wanda zai ce ta yi rashin ta ido.

"Wallahi, ɗana, na sha iske uwarka can ɗakin tsohuwar," in ji Hajiya. "Ta rufe ƙofa, ta ɗora ka bisa cinya, tana ta Padi, Padi, tana sumbatar ƙafafunka. In ta ji motsin Bahaushe a matakala sai ta aje ka ta gyara ɗankwali."

Na yi mata godiya, na hau jirgin ƙasa na koma gida. Na duba cikin raina ko zan samu kuka, ban samu ba.

Yanzu ni ina kiran 'yata ta fari da sunanta a tsakiyar titi, in rungume ta a ƙofar makaranta, ba mai ko waiwayowa. Tsohuwar nan 'yar Ailan ta daɗe da mutuwa, wasu 'yan Ghana ne a ɗakin. Na je na tsaya a ƙofar, na yi ta ƙoƙarin tuna cinyar nan. Na yi ƙanƙanta a lokacin, ko kaɗan ban riƙe ba.