Farfesa Sai-Ina, Wadda Ta Nemi Hanya ta Huɗu

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayiya Farfesa, wadda duniyar ilimi ta fi sani da laƙabin Sai-Ina, a shekarar 1952, a wani gari na bakin kogi, a gidan ƙarshe na layin masu tufkar igiya. Mahaifinta mai tufka ne wanda masu jiragen ruwa ba sa sayen igiya sai a hannunsa, mahaifiyarta kuwa tela ce mai ɗinkin kayan yara. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar, kuma ita ce ta ishi gidan da tambaya. In aka ce mata bayan gari gonaki ne, sai ta ce, "Daga nan sai ina?" A ce daji, ta maimaita. A ce teku, a ce taurari, har mai ba da amsa ya gaji ya tura ta wurin babanta. Daga nan laƙabin ya samo asali, ya bi ta har kabari, sunan yanka ya koma na takardu kawai.

A rumfar mahaifinta ta ga abubuwa biyu da suka zame mata jagora. Na farko, duk igiyar da ya gama tufkawa sai ya rataye ta a gungumen rufi, ya kama, ya ɗage ƙafafunsa, kuma wadda ta fi burge shi ita ya fi wahalarwa.

"Baba, wannan da ka ce ta fi kyau, me ya sa kake neman tsinka ta?" ta tambaye shi wata rana.

"Don ina son ta," in ji shi, yana lilo yana haki. "So hana ganin laifi. Gara ta tsinke da ni a nan da ta tsinke da ɗan wani a tsakiyar kogi."

Na biyu kuwa tururuwa ce. Daga bakin ƙofa igiya layi ce kawai, ba ta da wata hanya sai gaba da baya, amma da yarinyar ta matsa kusa sai ta ga tururuwa tana kewaya jikin igiyar, tana bin hanyar da na nesa bai san da ita ba.

Karatu

An sa ta firamare a shekarar 1959, ta wuce sakandare a 1966, kuma a duka biyun malaman lissafi sun so ta, sun kuma ji tsoron ɗaga hannunta. A 1971 ta shiga jami'a domin nazarin Fiziks, ita kaɗai mace a ajinta, ta kammala da daraja ta ɗaya a 1975, ta samu digirin digirgir a 1981.

A waɗannan shekaru ta haɗu da mas'alar da ta cinye rayuwarta. Ɗan Adam ya san hanyoyin motsi uku: gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Wasu masana lissafi suna hasashen cewa mai yiwuwa akwai ta huɗu, a naɗe, ƙanƙanuwa ƙwarai, har ma watakila akwai wasu duniyoyi da nasu taurari suna maƙwabtaka da tamu ta wannan hanya, ba ma ganinsu. Abokan karatunta sun ɗauki zancen a matsayin hirar shan shayi. Ita kuwa ta tuna da tururuwar, ta ce gani ya kori ji, za ta matsa kusa ta duba.

Aure da Zuri'a

A shekarar 1977 ta auri wani likitan dabbobi, mutum mai haƙuri da yawan barkwanci, wanda ya yarda tun farko cewa bai gane aikinta ba, bai kuma taɓa fasa sauraro ba. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku: Babban Yaya a 1979, 'yar tsakiya a 1982, sai Auta a 1987. Likita kan ce da baƙi 'ya'yansa huɗu ne, ukun an yaye su, na huɗun ya ƙi yayuwa. Wannan na huɗun na'ura ce, kuma bayaninta na tafe.

Aiki da Kafa Ɗakin Gwaji

Ta fara koyarwa a jami'ar da ta yi karatu a 1982, kuma a 1990, bayan naci mai tsawo, aka ba ta wani ɗaki a ƙarƙashin ginin laburare, ba taga, ba rana. Hujjarta ita ce: duk abubuwa masu nauyi suna jan juna, shi ya sa dutse ke faɗowa ƙasa, kuma an san ƙa'idar wannan ja sarai. In akwai hanya ta huɗu, to idan aka kusanto abubuwa biyu har tazararsu ta kusa ƙanƙantar hanyar, ƙarfin jan zai saɓa wa ƙa'ida. Ta rataye ɗan faifan ƙarfe da zare wanda ya fi gashi siranta, cikin tulun ƙarfe da aka zuƙe iskarsa, wani faifan yana juyawa a ƙarƙashinsa, suna kusa amma ba sa taɓa juna. Murɗawar zaren ita ce amsar. Na'urar ba ta son tari, ba ta son takun ƙafa, ba ta son a buga ƙofa, shi ya sa ɗalibai suka raɗa mata suna Jinjiri.

A ɗakin nan ta kafa dokar da ta shahara da ita. A bango, jikin ƙusa, akwai guntun igiyar mahaifinta. Duk lokacin da aka samu sakamako mai daɗi, wanda ya fi kowa son sakamakon shi zai sauke igiyar ya ajiye a teburinsa, ya zama maƙiyinsa, ya nemi kashe shi ta kowace hanya, kuma ba a sanar da duniya komai sai igiyar ta koma ƙusa. Ɗalibai da yawa sun yi kuka a kan dokar nan, ba ta taɓa sassauta wa kowa ba.

Shekarar Jarrabawa

A 2002, saboda takun masu wucewa yana damun Jinjiri, Farfesa da kanta ta roƙi a cika ɗakin da ke jikin nata da tsofaffin littattafan laburare har rufi, a kulle, domin kada kowa ya sake takawa ta nan. Aka yi, ɗaki ya yi tsit, kowa ya yaba da dabara. A shekarar ce kuma sabon Shugaban jami'a, wanda ya gaji da gwajin da ya shekara goma sha biyu bai haifi komai ba, ya sanar cewa in 2004 ta ƙare ba wani abin nunawa, za a kwashe na'urar a mai da wurin ma'ajiya.

A 2003 zaren ya murɗa fiye da ƙa'ida. Kaɗan ne, amma bai gushe ba, wata bayan wata. Ɗalibai suka rungumi juna ba tare da tsalle ba, don kada Jinjiri ya farka. Babban ɗalibinta, wanda ake kira Ɗan-Sauri, ya same ta a gaban kowa.

"Malama, don Allah a wannan karon a yafe dokar nan. Ɗakin fa za a ƙwace. Ga kuma babban taron masana yana zuwa."

"To, wa ya fi son wannan sakamako a cikinmu?" ta tambaya.

Kowa ya sunkuyar da kai, domin amsar ba ta ɓuya ba. Ta miƙe ta sauke igiyar da hannunta, ta ajiye a teburinta.

Watanni ta yi tana yaƙar abin da ta fi so a duniya bayan iyalinta. Ta zargi zafi, ta zargi lantarki, ta zargi motocin titi, ta canja zaren, duk alamar tana nan. Har ta fara yarda, kuma ta ji daɗin yardar, daɗi irin wanda ba ta taɓa ji ba. Likita ya ce ya kama ta tana waƙa a kicin, abin da bai gani ba tun suna amarci. Sai wata safiya ta je duba ɗakin littattafan ko akwai danshi, ƙofar ta ƙi buɗuwa sai da ta sa kafaɗa. Ƙofar nan da yatsa ɗaya ake tura ta a da. Ta durƙusa ta ga inda gindinta ya karce siminti, nan take ta gane abin da ya faru. Nauyin littattafan ya lotsa daɓen, daɓen ya karkata Jinjiri da abin da ido ba ya gani, faifan ƙasa yana matsowa ta gefe ɗaya a kowane zagaye. An gudu gara an faɗa zago.

Ta sa aka kwashe littattafan, aka daidaita na'urar, alamar ta ɓace kamar ba a taɓa ganinta ba. Farfesa ta yi kuka a ranar, kuka sosai, kuma ba ta ɓoye wa ɗalibanta ba. Da Shugaba ya ji, ya kira ta ofis.

"Farfesa, ba cewa na yi ki yi ƙarya ba. Ki je taron ki nuna alamar, ki ce ana kan bincike. Zancen ƙofa ya jira baɗi."

"Ranka ya daɗe, in na yi haka wani zai kashe shekara goma yana bin ƙofata," ta ce. "A kwashe ɗakin in za a kwashe."

A taron na 2004, a gaban masana daga ƙasashe da dama, ta fara da nuna alamar yadda take, har zauren ya ɗauki guna-guni, wasu suka miƙe zaune. Sannan ta nuna hoton ƙofa da karcen siminti, ta ce, "Ga hanya ta huɗun da na gano. Tana kaiwa ɗakin littattafai." Aka fashe da dariya, dariyar ta koma tafi, tafin ya ɗaga mutane tsaye. Kafin shekarar ta ƙare, ɗakunan gwaji biyu a wasu ƙasashe, waɗanda ke rainon irin wannan alama a ɓoye, suka duba daɓensu suka janye, kuma suka ambaci sunanta da godiya. Ɗalibai suka fara tururuwa daga nesa suna neman aiki a ƙarƙashinta. Shugaba, da ya ga baƙi suna tambayar hanyar ɗakin ƙasa kafin su tambayi ofishinsa, bai sake tayar da zancen ma'ajiya ba, har ma ya riƙa cewa shi ya daɗe da sanin darajar wurin.

Nasara da Karramawa

Ta sake gina Jinjiri a kan dutsen da aka haƙa har ƙasa, wanda bai haɗu da daɓen ginin ba. A 2015 ta fitar da babban sakamakonta: har zuwa tazarar da ta gaza kaurin gashi, ƙarfin ja bai saɓa wa ƙa'ida ba, saboda haka in akwai hanya ta huɗu, to ta fi haka ƙanƙanta. Ba ta ce akwai ba, ba ta ce babu ba, ta dai nuna wa masu nema inda ba sai sun sake dubawa ba. Masana suka karɓi awon ba musu, domin sun san igiya ta zauna a kansa shekara biyu kafin ta koma ƙusa. Aka ba ta lambobin girma, aka zaɓe ta cikin majalisun ilimi, kuma ɗalibanta da suka zama farfesoshi kowa ya kafa ƙusa a bangon ɗakin gwajinsa. Ɗan-Sauri ma ya kafa, an ce ya fi ta tsanani.

Ritaya da Rasuwa

Ta yi ritaya a 2018, shekara ɗaya bayan rasuwar Likita, rashin da ya girgiza ta ƙwarai. Ta koma zama da jikoki, waɗanda suka rama wa iyayenta, domin ɗayansu ya gaji tambayar nan tata kuma ba ya gajiya. Auta, wadda ta bi sahunta a Fiziks, ita jami'a ta damƙa wa Jinjiri.

A farkon 2023 ciwon zuciya ya kwantar da ita. A wannan lokaci ne zaren ya sake murɗawa, a tazarar da ba a taɓa kaiwa ba, Auta ta zo asibiti da labarin.

"Mama, ko in sanar tun kina nan? Ina so ki ji da kunnenki."

"Kin duba ƙofa?" ta tambaya, suka yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Sannan ta kama hannun 'yarta ta ce, "Kada ki yi sauri saboda ni, Auta. Duniyar da zan je ba ta bukatar awo. Wa ya fi son wannan sakamako?"

Auta ta share hawaye, domin ta san ita ce.

Farfesa Sai-Ina ta rasu da hantsin wata Laraba a cikin watan Maris na 2023, tana da shekara saba'in da ɗaya. Aka yi mata sutura, aka sallace ta bayan azahar, aka binne ta kusa da mijinta, a gaban jama'a mai yawa, cikinsu har da jikokin masu jiragen ruwan da suka riƙa sayen igiyar mahaifinta. Allah ya jiƙanta, ya sa inda ta je ya fi nan.

Ta bar jikoki takwas da 'ya'ya uku: Babban Yaya, injiniyan gadoji, 'yar tsakiya, alƙaliya, da Auta, shugabar ɗakin gwajin, wadda washegarin jana'iza ta sauka ɗakin ƙasa ta sauke igiyar daga ƙusa. Har lokacin da ake rubuta wannan tarihi, igiyar tana kan teburinta.