Jan Rubutu a Katin Yaya Hajara

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar Asabar aka fasa kwalbar farko a bakin layinmu a unguwar Diobu. Na duba agogon da Baba ya ba ni da na ci jarrabawa. Ina zaune a tabarma da littafin tarihi, Yaya Hajara tana tsince shinkafa.

Shekararmu huɗu da dawowa Fatakwal bayan yaƙin basasa. Tankokin mai suna wucewa ba dare ba rana, Baba ya sake kafa rumfar albasarsa. Innarmu ta rasu tun muna Arewa. Yaya kuwa a ƙauye take aure, inda asibiti tafiyar yini guda ce a kan jaki. Sau biyu tana haihuwa a can, ba rai. Shi ya sa Baba ya ɗauko ta da wannan cikin, ta haihu a hannun likita.

Ni nake raka ta awo, don ni ke jin Turanci. Zuwanmu na ƙarshe nas ta yi rubutu da jan biro a katinta: yaron a gicciye yake, da ciwo ya fara a kawo ta, aiki za a yi mata. Na karanta wa Yaya. Ta ce kada in gaya wa Baba, ita za ta san yadda za ta yi. Ba ta iya ba. A gidanmu 'ya ba ta zancen ciki gaban mahaifinta. Na sa katin cikin littafina.

Goma da arba'in Baba ya shigo ba hula, hannun rigarsa duk jini. An yi faɗa a tashar mota, ya bazu zuwa rumfunan mutanenmu.

"Ku fito! Kada ku ɗauki komai!"

Littafin kawai na ɗauka. Hayaƙin taya ya rufe layin. Ana dukan ƙyauren kwano gida bayan gida. Ƙarfe sha ɗaya muka hau motar albasar maƙwabcinmu, mu kusan talatin, a kan buhuna.

Sha ɗaya da kwata muka iso mararraba. Hagu asibiti, dama bayan gari. Yaya ta damƙe mini wuyan hannu. Na duba, zanenta ya jiƙe. Baba yana zaune kamu biyu daga ni, tsakiyar maza. Na buɗe baki. Na rufe. Mota ta yi dama.

Sha biyu da rabi mai ya ƙare mana a wani ƙauye mai gonakin rogo. Wata tsohuwa mai suyar garin rogo, Mama Nkechi, ta shigar da mu mata cikin rumfarta ta ja asabari. Mazan suka ɓuya a bayan gona. Zafi, hayaƙi, warin rogo. Yaya ta cusa gefen mayafinta a baki. Ko nishi ba ta yi ba.

Ƙarfe biyu na fita na miƙa wa Baba katin, na karanta masa kaina a ƙasa. Ya nufi titi da gudu. Samari sun gicciya itace a hanyar gari, da adduna a hannu.

"Koma! Koma!"

Sau uku yana zuwa, sau uku suna koro shi.

Huɗu da kwata hannun jaririn ya fito. Mama Nkechi ta gani, ta ɗora hannu a ka. Ta yi duk abin da ta sani. Biyar da minti goma yatsun Yaya suka saki wuyan hannuna.

Da safe muka binne su a gefen gonar, kusa da wasu tudun ƙasa biyu da ciyawa ta rufe. Mu uku muka fito daga gida, da na huɗu a ciki. Mu biyu za mu koma.

Tun jiya nake tambayar tsohuwar cikin broka, Turancin kasuwa, ina matan ƙauyen ke zuwa idan haihuwa ta zo da gardama. Yanzu na sake tambaya. Ta nuna tudu na farko ta ce 'yarta ce. Ta nuna na biyu ta ce matar ɗanta ce.

"'Yata," in ji ta, "nan muke zuwa."