Uwar Aji da Layin Ƙofa

Uwar Aji ake ce mata, kuma ta ci sunan. Shekara ashirin da shida ta yi tana koyar da aji ɗaya a firamaren da ke bayan tashar mota, ɗaki guda, allo guda, sai dai a sake masa fenti. Gajeruwa ce mai murya kamar lasifika, hannunta na dama kullum fari fat da alli. Duk yaron da ya shigo makarantar yana kuka da majina, a wurinta yake fara riƙe fensir. Telan bakin titi ɗalibinta ne, mai kemis ma haka, direbobin tasha kuwa idan ta tsaya jiran mota sai su hau gardamar wanda zai ɗauke ta. Ta san darajarta, ba ta kuma ɓoyewa. Idan aka yabi wata malama a gabanta sai ta ce, "Allah ya ƙara basira," da wata irin murya da kowa ya san nufinta da sauran aiki.

Abu ɗaya ne ba ta shiri da shi, wato wayar shafa. Autarta, wadda ke karatun jinya, ta saya mata guda, amma Uwar Aji ba ta san komai a cikinta ba sai amsa kira da kunna tocila.

Sai ga hukumar ilimi ta buɗe wa malaman firamare guruf a waya. Kowane mako wata mai horaswa tana saka gajeren darasi, kowane malami kuma sai ya ɗauki bidiyon minti goma yana koyarwa, ya tura abokan aiki su duba su yi gyara. Sharaɗin a fili yake: wanda bai tura ba, ko aka ga aikinsa bai kai ba, ba za a ba shi aji ɗaya a sabuwar shekara ba. Uwar Aji ta yi kunnen uwar shegu da maganar har mako shida, sai da hedimasta ya kira ta ofis.

"Mama, don Allah ki rufa mini asiri," in ji shi. "Ranar Alhamis ake rufewa. In ba ki tura ba, sito zan mayar da ke kina raba littattafai. Wallahi ba a hannuna abin yake ba."

"Ni za a kai sito?"

"Ni ma ban so."

Ta fito ranta a ɓace. Ita ba ta da wani buri a duniya da ya wuce ta ga yaro ya haɗa baƙi da wasali bakinsa ya buɗe. A raba ta da aji ɗaya, ai an gama da ita.

A baranda malamin lissafi ya tare ta, mutumin da ba ya rasa dabara. "Yaya, kada ki tayar da hankalinki. Kowa shiryawa yake yi. Yau ki koya wa yaran amsoshin, gobe ki ɗauka. Ki ce kowa ya ɗaga hannu, wanda ya sani dama, wanda bai sani ba hagu. Ke dai ki riƙa zaɓen dama."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ƙanena, ni da na koya wa rabin garin nan karatu zan yi wasan kwaikwayo? Allah ya sawwaƙe."

Washegari ta ɗora wayar a kan kabad ɗin bayan aji, ta tokare ta da akwatin alli kamar yadda autarta ta nuna mata, ta danna jan maɓalli. Ta koyar da ka, ki, ku. Yara suka amsa har kwanon rufi yana amsawa. Ta sauke wayar tana jin cewa yau 'yan guruf za su ga yadda ake aiki.

Da yamma ta zauna a tsakar gida ita da autar suna kallo. Da farko kanta kawai take kallo, tana gyaɗa kai, tana cewa, "Kin ga yadda na ja wasalin nan?" Sai autar ta ɗora yatsa a gefen gilashin.

"Mama, su waɗannan fa? Ba 'yan ajinki ba ne?"

Layin ƙofa take nunawa, benci huɗu da ke jikin bangon dama. A benci na biyu akwai wata 'yar siririyar yarinya, 'yar wani bakanike, hannunta a sama. Aka yi tambaya aka wuce. Ta sake ɗagawa, aka sake wucewa. Sau bakwai tana ɗaga hannu, har tana tallafe shi da ɗayan don gajiya. Daga nan ta sauke, ta juya tana kallon waje.

Uwar Aji ta karɓi wayar ta mayar da bidiyon farko. Tambaya goma sha tara ta yi, ko ɗaya ba ta faɗa wa layin ƙofa ba. Dalilin kuwa ga shi nan ƙuru-ƙuru. Da dama take rubutu, don haka kafaɗarta ta dama tana jikin allo, fuskarta tana ga layin taga, bayanta yana ga layin ƙofa. Daga inda take tsaye take jefa tambaya, ga wanda idonta ya faɗa kansa.

Duk makarantar an san cewa 'yan layin ƙofa na aji ɗaya su ne na baya a jarrabawa, kuma ita ce ta ƙirƙiro bayanin: wai ƙofa ce ke ɗauke musu hankali, suna kallon masu wucewa. Ta faɗa wa iyaye haka, ta faɗa wa sufeto haka, shekara da shekaru. Ashe ita ce ta fara juya musu baya kafin su juya mata. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta ture abincin da aka ajiye mata.

Da malamin lissafi ya ji labari da safe, sai ya riƙe baki. "Goge shi, Yaya! Akwai sauran kwana ɗaya, ki sake ɗauka. Malamai ɗari biyu ne a guruf ɗin, har da waɗanda kika koyar. Wannan shi za a kai ki sito da shi."

Gaskiyarsa, kuma ta sani. Ta shiga aji ta zauna a bencin 'yar bakaniken kafin yara su iso, ta dubi allo daga can. Ta daɗe a zaune. Sannan ta ciro wayar, ta tura bidiyon yadda yake, ta danne alamar murya ta yi magana.

"Salamu alaikum, 'yan'uwa malamai. Ni ce mai aji ɗaya ta bayan tasha. Kada ku kalle ni, ku kalli bencunan da ke dama, ku kalli yarinyar benci na biyu. Shekara ashirin da shida ina wannan kuskure ban sani ba, sai jiya waya ta nuna mini. Ku je ku duba naku. Wanda kuma ya san magani ya taimake ni."

Guruf ɗin da ba ya rabo da gaisuwa da hotunan furanni ya yi tsit, yini guda. Uwar Aji ta riƙa leƙa wayar tana mayarwa jaka. Sai bayan la'asar wata sabuwar malama daga wata makarantar ƙauye ta rubuto cewa ta duba nata, ita bahaguwa ce, layin taga ta yi wa haka. Wani ya biyo, wata ta biyo. Kafin kwana uku malamai sun fara janye bidiyon da suka shirya suna turo na gaskiya, wannan yana cewa shi 'yan gaba kawai yake tambaya, wancan yana cewa bai taɓa jiran yaro ya yi tunani ba. Malamin lissafi ma ya turo nasa, ba dama ba hagu, hannu uku kacal a sama.

Shawarwari suka yi ta zuwa, ta zaɓi waɗanda suka yi mata. Ta zana da'ira da alli a ƙasa kusa da ƙofa, ta ce ba za ta sake yin tambaya ba sai ta ajiye rubutu ta taka zuwa cikinta. Kowace Litinin tana juya layuka. Kowace Laraba tana ɗora waya a kan kabad, ta kalli kanta da yamma kamar mai duba aikin wata, ta tura. Ba sauƙi, domin ƙafar da ta saba tsayawa wuri ɗaya taurin kai gare ta. Yaran ne ke tuna mata, suna ihu, "Malama, da'ira!"

A makon ƙarshe na zango hedimasta ya zo ƙofar ajin da takarda a hannu. Uwar Aji ta gan shi, ta san takardar rabon azuzuwa ce. Amma 'yar bakanike ce tsaye, yatsanta a kan littafi, tana jan jimlarta ta farko. Hedimasta ya buɗe baki zai yi sallama, Uwar Aji ta ɗaga masa hannu ya dakata. Haka ya tsaya, babban mutum, har yarinyar ta kai aya.

"Mama," in ji shi ƙasa-ƙasa, "mai horaswa ta ce da bidiyonki za a buɗe horon sababbin malamai. Tana neman izininki."

"Na gyaran, ko na farkon?"

"Na farkon."

"A nuna," in ji ta. "Ajin fa?"

Ya miƙa mata takardar. "Yara saba'in da huɗu ne ke zuwa."

Ta share hannunta a gefen zane kafin ta karɓa. Ta dubi sunayen, ta dubi ɗakin.

"To a nemo mini ƙarin benci biyu," in ji ta. "Kuma ni zan faɗi inda za a ajiye su."