Kawuna ya zuba maganina a masai

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Wasu sun zaci na canza lamba. Ban canza ba, kwance nake.

Waɗanda muka yi firamare tare a Fakuwa sun san ni ba mai magana ba ce. Amma wannan sai na faɗa.

Da tari abin ya fara, lokacin girbin gero. Inna ta ce ƙaiƙayi ne. Tari ya ƙi tafiya, zazzaɓi kullum da yamma, zane ya daina tsayawa a ƙuguna. Aka kai ni asibiti a Kankia. Suka ba ni 'yar roba na tofa kaki, suka ɗauki hoton ƙirjina. Kuɗin hoto da na mota sai da Inna ta sayar da wakenta.

Likita ya ce tarin fuka ne. "Maganin kyauta ne, amma wata shida za ki sha. Ko kin ji sauƙi kada ki bari."

Na fara sha. Fitsarina ya koma ja, na tsorata, nas ta ce aikin maganin ne. Na fara cin tuwo, na fara samun barci.

Sai Kawu ya zo duba ni. Yayan Inna ne, yana da shagon cajin waya a Kusada, kuma duk abin da ya shigo wayarsa ya zama karatu ke nan. Daga bakin ƙofa ya tsaya. Ya sa aka miƙa masa takardar cikin kwalin maganin, ya ɗauki hotonta, ya tura wa abokansa. Kafin la'asar ya dawo da fatawa.

"Akwai madarar shanun Turawa a ciki. Wa ya san yadda suke yanka shanunsu? Haram kuke ɗura wa yarinya."

Inna ta ce, "Yaya, ai ta fara samun sauƙi."

"Sauƙin da za ta je lahira ta biya?"

Ya kwashe maganin ya zuba a masai. Ina kwance a tabarma ina kallo, kunya ta rufe mini baki. Ya kawo wani jiƙo a gora ya ce in dinga sha.

Kawun da kullum da safe sai mai shayi ya tsiyaya masa madarar gwangwani. Wannan saniyar bai taɓa tambayar wa ya yanka ta ba.

Ba a daɗe ba na fara tofar da jini. Ko banɗaki sai Inna ta riƙe ni. Na ɗauka tafiya ce ta zo.

Da muka koma asibiti, mai ba da magani ya ce wa Inna abin da Kawu ya gani a takardar wani sukari ne da ake cirewa daga madarar saniya, shi ke riƙe ƙwayar kada ta rugurguje. Ya ce dole in faro daga farko, kuma sai an sake gwada kakina, ko cutar ta daina jin magani. Ban taɓa jin tsoro irin na jiran sakamakon nan ba. Da ya fito, Allah Ya sa tana ji.

Hankalin Inna bai kwanta ba sai da ta sa aka tambayi liman, a gaban Kawu.

Liman ya ce, "Nonon saniya halal ne, ko ta Bafulatani ko ta Bature. Sai an yanka saniya ake tatsarta? Tunda kai ka zubar, kai za ka dinga zuwa kana ba ta tana haɗiyewa a gabanka."

Kawu bai zo ba ko sau ɗaya. Tsoro yake kada in shafa masa tari. Saƙo ya aiko wai shi dai nasiha ya yi.

Inna ce ta tsaya mini da kofin ruwa kullum har na gama. Gwajin ƙarshe ya fito babu komai. Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa Inna da Aljanna, Ya saka wa ma'aikatan asibiti da liman, da ku da kuka yi mini addu'a.

Idan tari ya daɗe, a je a gwada. Idan kuna shakkar abin da ke cikin magani, ku tambayi mai ba da shi, ku tambayi malamin da ya zauna ya yi karatu, amma kada ku daina sha kafin amsa ta zo. Kuma ku ɓoye maganinku idan masu dubiya sun shigo.

Kawu, na san za ka karanta. Har yau ba zan iya kallon idonka in faɗa ba, shi ya sa na rubuta. Da na mutu, kai za ka zauna gaba a tabarmar gaisuwa kana cewa kwana ne ya ƙare.