Inuwa Panshekara, Ka Tafi da Mabuɗin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Yuli, 2009, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Inuwa Lawan Panshekara, mai kula da kwamfutoci a wani kamfanin fata da ke Challawa. Ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofar ofishinsa, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Shekararsa arba'in da ɗaya. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa.

Ni Ado Yusufu Na'ibawa, aikinmu ɗaya da shi, sai dai ni a kamfanin alewa nake a Bompai. Shekara tara muna tare. Na zauna in rubuta yabonka, Inuwa, sai na tarar haushinka ya cika mini ciki. An hore mu da ambaton mamaci da alheri, kuma zan ambata, don alherinka ba ya ƙirguwa. Amma ban taɓa ɓoye maka abin da ke raina ba kana raye, ba yau zan fara ba.

Tun bara likita ya ce kana da hawan jini. Ya rubuta magani, ka saya, ka jefa a aljihun tebur tare da sukundireba. Sau nawa na tambaye ka ko ka sha? Kullum amsarka ɗaya: "Bari in gama wannan, Ado." Na san ajali ba ya jira, ba ya kuma wuce lokacinsa. Amma mutumin da ba ya barin ƙura ta kwana a cikin inji, ya kasa haɗiyar ƙwaya ɗaya da safe!

Ga waɗanda ba su san abin da ya ɗauke masa hankali ba, wata manhaja ce da ke sa kwamfuta ɗaya ta zama kamar gidan haya. Injin guda ne, amma an yanka shi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki kwamfuta ce mai zaman kanta. Ba ta wani kamfani ba ce. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa ta intanet suna gina ta, a buɗe take, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara, kowa na iya ɗauka ba tare da an tambaye shi komai ba. Inuwa ne ya kawo mana ita a 2005. Da tsofaffin kwamfutoci shida na kamfaninsu suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai ya kwashe aikinsu kaf ya zuba a inji guda, aiki bai tsaya ko na yini ɗaya ba. Da baƙi suka zo zagaye, manajansu ya ce ƙwararru ne aka ɗauko daga Legas. Kana tsaye a wurin, Inuwa, ka bar shi a haka. Da ka ba ni labari har dariya kake yi, ni kuwa ranar ko abinci ban iya ci ba.

Kai ka tara mu duk Asabar bayan azahar a wani ajin firamare a Sharada, mu goma sha ɗaya, daga Challawa da Bompai da Sharada, muna zaune a bencin yara gwiwoyinmu na dukan tebur. Intanet ɗinmu tafiyar hawainiya yake yi, don haka duk lokacin da sabuwar fitowar manhajar ta zo, kai kake yini a shagon intanet ka sauke, ka kwafa a faifai, ka hau babur ka bi mu kamfani-kamfani. Labaran da masu manhajar ke fitarwa duk wata da Turanci, kai kake mayar da su Hausa a takarda ɗaya, ka buga, ka raba. Wata arba'in da shida ba ka tsallake ko ɗaya ba.

Ba zan manta da rigimar ɗauke wuta ba. Tabita Bulus, abokiyar zamanmu da ke aiki a kamfanin roba a Sharada, ta zo da kuka cewa duk sanda aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, aikin da ke cikin ɗakunan nan yakan lalace. Ka rubuta wa masu gyaran manhajar. Wani daga Turai ya amsa da cewa matsalar ba ta kai a ɓata mata lokaci ba, wai wane ne ake ɗauke wa wuta sau tara a yini? Na ce ka rabu da su. Ka ƙi. Ka samo tsohuwar kwamfuta, kwana arba'in kana zare mata waya daga soket da gangan, kana rubuta abin da ya faru kowane karo, har sau ɗari biyu da 'yan kai. Ka tura musu duka. Bayan wata uku suka gyara, suka sa sunanka a labaran wata, suka kuma rubuta shi a karkace, wai "Inua Pansekra". Na ce ka sa su gyara. Ka ce, "Ado, kwamfutar Tabita ta daina cinye mata aiki ko ba ta daina ba?"

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Ranar sadakar uku, muna kan tabarma a ƙofar gidanka, ba a ma shafa fatiha ba, manajan nan ya matso ya raɗa mini ko na san kalmar sirrin babbar kwamfutarsu. Na danne zuciyata na ce ban sani ba, ya duba ofishinsa. Ashe shekara biyu ke nan ka rubuta ta ka sa a ambulan ka ba shi, bai taɓa buɗewa ba. Haƙƙinsu ka sauke shi tsaf. Amma tamu fa? Kwamfutar ƙungiya, wadda ke ɗauke da duk fassarorinka da littafin koyarwa na Hausa da ka kai shafi casa'in, ka kulle ta yadda ko an ciro cikinta ba a iya karantawa, ba ka gaya wa kowa mabuɗin ba. Kai da kake hana mu tashi sai kowa ya ajiye kwafin aikinsa wuri biyu! Mun gwada sunan Zainab matarka, mun gwada na 'ya'yanka Sumayya da Ummi, mun gwada lambar babur. Da na tambayi Zainab, ta share hawaye ta ce, "Malam Ado, ya ce zai rubuta mini idan ya gama."

Asabar da ta wuce mun haɗu, mu goma. Mun daɗe muna kallon injin da ka kulle. Tabita ce ta miƙe ta ce, "Malam Inuwa bai koya mana zama da tagumi ba. Kowa ya je gida ya binciko takardun da ya raba mana." Zuwa jiya mun samo talatin da ɗaya, wasu da tabon manja, ɗaya an naɗe ƙusoshi a ciki. Muna sake buga su. Labaran watan Agusta Tabita ce za ta fassara, ni zan zaga da faifai. Littafin kuwa, in ba wani ikon Allah ba, ya bi ka.

Na faɗi abin da ke raina, kuma na yafe maka, Inuwa, duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini yawan mitata. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa abin da ka koyar ya zama sadaka mai gudana a gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Hajiya Asabe, da Malama Zainab, da Sumayya da Ummi, da jama'ar Panshekara baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Mu kuma da muka rage a bencin nan, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.