Lomar da Na Riƙa Ragewa a Badagiri

Daga gida zuwa Kano

Asabar ɗin farko ta dogon hutu, ana idar da sallar asuba, Inna ta tare ni a zaure da kaya: galan na man shanu, ƙullin kuka, daddawa, da ƙwan zabi da ta binne cikin dusa a kwanon sha. Duk tsarabar mahaifiyar Tunde ce.

Tunde shi ne Bayaraben da ya yi bautar ƙasa a firamaren da nake koyarwa a ƙauyenmu, gefen Makoda. A shagon ƙofar gidanmu ya zauna, kuma shekara guda cur Inna ke aika masa tuwo. Tun da ya koma garinsu Badagiri, mahaifiyarsa ba ta daina aiko da saƙo ba, wai hankalinta ba zai kwanta ba sai ta ciyar da ɗan matar da ta ciyar da ɗanta. Bana da muka gama noman maimai da wuri, gero ya rufe ƙasa, na ce lokaci ya yi.

"Auta," in ji Inna, "na san cikinka. Gidan mutane za ka. Kada ka je ka suɗe musu kwano su ce ba ma ba ka abinci. Ka ci, ka rage."

"To, Inna."

"Ba 'to' ba. Kada ka ba ni kunya."

Ɗan acaɓa ya kai ni Ɗambatta ana yayyafi. Na samu bas ɗin Kano saura mutum ɗaya, na cike. Direban ya kalli kwanon da na rungume.

"Malam, mene ne a ciki?"

"Ƙwai ne. Ikko za su."

"To ka yi musu addu'a, ni dai ba na taka birki don ƙwai."

Ya cika alkawari. Sai cunkoson Bacirawa ne ya sa ya lafa, na samu na leƙa kwanon na ga kowa lafiya.

Kano zuwa Legas

Doguwar bas ɗin ta bar Sabon Gari bayan azahar. Mun yi magariba a Kaduna, daga nan barci ya ɗauke ni, Lokoja ma a bakin maƙwabcina na ji mun wuce ta. Da gari ya waye na ga duniya ta canza: bishiyoyi sun haɗe kai, ƙasa ja wur, ko'ina ayaba. A wani shinge kafin Ibadan, jami'i ya hau ya ce a buɗe kaya. Ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya har ya buge da kujera. Ya ce in ɗaure abina maza, ya sauka yana fifita fuska, motar kuwa ta ɗauki dariya.

Habu, abokin ƙuruciyata da ke sayar da albasa a Legas, shi ya tarye ni ya kai ni ɗakinsa a Agege. Washegari ya rufe harka don ya nuna mini gari. Mun shiga bas ɗinsu mai ruwan ɗorawa, kwandasta yana lilo a bakin ƙofa yana ihu kamar ana binsa da wuƙa. Da muka hau wata gada da ba ta da niyyar ƙarewa, na ga ruwa hagu da dama, sai na daki kafaɗar Habu.

"Allahu akbar! Teku!"

"Rufa mana asiri," in ji shi. "Wannan ai kududdufinsu ne. Teku na gaba."

Na sayi gasasshiyar masara guda ɗaya naira ɗari biyar, ina ci ina jin haushi, don a gida hannu kawai zan miƙa in karyo.

Badagiri

Da safe Habu ya sa ni a mota. Hanyar ba ta da nisa can, amma shingaye sun yi yawa saboda kusa da iyaka ne. Tunde na jirana a tasha, ya yi ƙiba, Hausarsa kuwa tana nan irin ta ƙauyenmu. Da muka isa gida, mahaifiyarsa, Mama, ta fito da rawa, ta rungume ni a gaban maƙwabta, ni kuwa kunya kamar in nutse. Ta karɓi ƙwan zabin, uku kacal suka fashe, ta ɗaga kwanon sama tana nuna wa jama'a.

Kirista ce, don haka tun kafin in zo ta sayi sababbin tukwane, nama kuma sai ta taka har wurin mahauta Hausawa. Tunde ya gaya mini haka, ta tsaya tana kallon bakinsa don ta tabbata ya faɗa.

Sannan aka kawo sakwara da miyar agushi, da kifi kwance a kai. Jama'a, ban taɓa cin abu mai daɗin wannan ba. Ina tsaka da ci muryar Inna ta faɗo mini. Na janye hannu zuciyata na kuka, na bar kusan rabi, na ce na ƙoshi, Allah ya saka. Mama ta kalli kwanon, ta kalle ni, ta ɗauke. Ni a raina na ce lallai ta ga ɗan mutunci.

Da safe ta yi dafa-duka, na rage. Da rana tuwon amala, na rage. Ta rage barkono, na rage. Ta dawo da barkono, ta canza kifi da kaza, na rage. Rawar da take yi in ta gan ni ta ragu, har ta daina zama in ina ci. Ni kuma yunwa ta fara ɗawainiya da ni, don haka da safe sai in ce zan miƙe ƙafa, in zagaya bayan layi in sayi ƙosai in ci a tsaye. Ban san mai ƙosan ƙawar Mama ba ce.

Bakin teku

Rana ta uku Tunde ya ce mu je in ga abin da ya kawo ni. Muka haye ruwa a kwalekwale mai inji, na riƙe katako da hannu bibbiyu ina karanto duk addu'ar da na sani. Muka bi wata hanyar rairayi cikin bishiyoyin kwakwa, hanyar da Tunde ya ce ta nan aka riƙa kora bayi zuwa jirgi. Tun kafin in ga ruwan na ji rugugi, sai ga shi: ba gaɓa, ba ƙarshe, yana tasowa ya fi bangon gida tsawo ya zube ya koma. Tsoro ya kama ni, daɗi ya kama ni. Na ɗanɗana, gishiri ne zalla.

Muka zauna aka fasa mana kwakwa. Sai Tunde ya juyo ya dube ni.

"Nasiru, zan tambaye ka, ka gaya mini tsakani da Allah. Ƙyamar abincin Mama kake yi?"

Na kusa ƙwarewa. "Ƙyama kuma?"

"Jiya ta yi kuka. An gaya mata kana cin ƙosai a titi. Ta ce ko don ita ba Musulma ba ce, ka ƙi yarda da tukunyarta. Ta ce Inna ta riƙe mata ɗa shekara guda, ita ta kasa riƙe na Inna kwana uku."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Na rantse masa cewa mafarkin sakwarar nan nake yi. Na ce a wurinmu baƙo ba ya cinye abinci tas, ragewa ita ce ladabi, ita ke nuna an ƙosar da kai. Wanda ya suɗe kwano kuwa, cewa yake bai ƙoshi ba, a ƙaro.

Tunde ya zuba mini ido. "A ƙaro?"

"A ƙaro mana."

Sai ya faɗi a rairayi yana birgima. Da ƙyar ya iya magana. "Mu a nan, in ka rage, ka zagi mai girki! Shi ya sa nake cinye tuwon Inna. Kullum na cinye, gobe kwano ya ƙara girma. Daga malmala biyu har muka kai biyar! Ina ci ina hawaye, in kwance wando in ci gaba, don kada ranta ya ɓaci!"

Na tuna yadda Inna ke cewa yaron nan akwai ci, Allah ya sa masa albarka, tana ƙara gari a tukunya. Muka yi dariya har masu kwakwa suka zo kallo.

Da yamma Tunde ya yi wa Mama bayani da Yarabanci. Ta riƙe haɓa, ta ce a sake faɗa mata. Sannan ta shiga kicin, muka ji tashin turmi. Ta dire sakwara a gabana, ta ja kujera ta zauna. Na yi bisimilla. Barkono ya sa ni gumi da majina, ban tsaya ba sai da na suɗe kwanon nan da yatsa, na kife shi. Mama ta miƙe da rawa tana share ido da gefen zane. Sauran kwanakin da na yi, ban sake ganin hanyar mai ƙosai ba.

Komawa

Ta haɗo ni da busasshen kifi, manja, garin rogo da kwakwa buhu guda. Na kwana wurin Habu, na kamo hanya, washegari da la'asar ɗan acaɓa ya sauke ni a ƙofar gida. Gero har ya fara fitar da kai.

Ko ruwa ban sha ba Inna ta ce, "Ka dai rage?"

Na zauna na kwashe labari na gaya mata. Da na zo kan malmala biyar, ta saki muciya ta dafe ƙirji.

"Wayyo yaron nan! Ashe azaba na yi ta gana masa? Kira mini uwarsa."

Na ce Inna, ba ta jin Hausa, ke ba kya jin Yarabanci. Ta ce in kira dai. Na kira, na miƙa mata. Inna na cewa a yafe mata, an gode, Allah ya bar zumunci. Daga can ina jiyo Mama tana zuba nata da ƙarfi, suna katse juna, suna dariya. Na miƙa hannu in karɓa don mu fassara ni da Tunde, Inna ta buge mini hannu.

"Bar mu," ta ce. "Muna ganewa."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Habu, Tunde, na gode. Mama kuwa, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa hannun nan albarka.